Shekara uku kafin a zuba ruwa: yadda muke rako manya zuwa baftisma a ajin Hausa na Garwa

Ajinmu na Hausa ƙarami ne in an gwada shi da na Faransanci da na Fulatanci. A Garwa, a arewacin Kamaru, Fulatanci ne harshen kasuwa da unguwa, Faransanci na makaranta da ofis, Hausawan gari kuwa galibinsu Musulmi ne. Waɗanda ke zama a gabana a kan benci mutane ne da Hausa ta haɗa: Higi, Margi, Mafa, mutanen duwatsun Gwoza, waɗanda suka ƙetaro daga Mubi, Michika da Madagali. Wasu fatauci ya kawo su tun da daɗewa, wasu gudun hijira daga 2014. Su "Fada" suke ce wa limamin cocin Katolika, 'yan gari su ce "mompe". Ni katikis ne, aikina in karɓi babban mutum da ba a yi masa baftisma ba, in rako shi har daren Ista. A parwas ɗinmu, wato cocin yankinmu da ke hannun Fada, tafiyar shekara uku ce.

Tsarin ba mu muka ƙaga shi ba. Babban taron Vatikan na biyu ya ba da umarni a 1963 cewa a maido da koyarwar manya mataki mataki kamar yadda Ekklesiya ta farko take yi, littafin ibadar kuma ya fito daga Roma a 1972. Roma ta shimfiɗa matakai, bishop ya yanke tsawon lokaci. Shi ya sa za ka ji a wata dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke riƙe da shi, shekara biyu, a wata huɗu, kuma duk daidai ne. A dokar Ekklesiya, duk wanda ya kai shekara 7 da hankalinsa ba a yi masa baftisma irin ta jarirai, sai ya bi wannan hanya gwargwadon shekarunsa. Wanda ya kai 14 kuwa sai an kai maganarsa gaban bishop.

Muna buɗe rajista a Oktoba, kuma zaman farko ba darasi ba ne. Mutum ɗaya ɗaya nake zama da su, minti 20 kowane, a inda wani ba ya ji. Tambayoyi uku ne ke ɗauke da nauyin tafiyar duka, kuma katikis da ya ji kunyar yin su a makon farko zai same su suna jiransa a makon ƙarshe na azumi, an riga an ɗinka fararen kaya.

Ta farko: an taɓa yi maka baftisma? Kada ka karɓi "a'a" da sauri, kada kuma ka karɓi "e" da sauri. Baftisma sau ɗaya ake yi. Mutumin da aka yi wa a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa, can Najeriya, ko a ikilisiyar Lutheran a nan Kamaru, da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ɗan koyon baftisma ba ne. Kirista ne mai neman shiga cikakkiyar tarayya da Katolika. Za mu koya masa abin da ya rage, ya furta zunubansa ga Fada, ya shaida bangaskiya, a yi masa ƙarfafawa, wato shafa mai a goshi don karɓar Ruhu Mai Tsarki, ya karɓi Tarayya Mai Tsarki. Ba za a sake zuba masa ruwa ba. Akwai kuma wanda aka yi wa yana jariri a Katolika amma bai taɓa shiga aji ba, shi ma hanyarsa dabam. Inda abin ke cakuɗewa shi ne mutanen da suka gudo ba takarda, cocin garinsu an ƙone shi har da littattafan rajista. A nan muna neman shaida: uwa, kawu, uban baftisma, ko tsohon katikis na ƙauyensu. Michika da Madagali suna ƙarƙashin dayosis ta Maiduguri, sai Fada ya rubuta can ya tambaya. Idan an bi duk wannan shakka ba ta gushe ba, Fada zai yi baftisma bisa sharaɗi, yana cewa "in ba a taɓa yi maka ba", kuma ba a cikin taron jama'a ba. Wannan hukuncin Fada ne. Nawa shi ne in rubuta abin da aka gaya mini, da wanda ya faɗa.

Ta biyu ita ce aure, kuma ita ce ta fi tsayar da mutane. Kana da aure? Wane iri, na gargajiya ko na gidan magajin gari? Wannan ne na farko? Ita matar taka an yi mata baftisma? Mata nawa? Dattijo zai ce, "Malam, wannan kuma me ya haɗa shi da addu'a?" Sai in ce, "Baba, gara mu yi maganar yau da muke da shekara uku a gaba." Ga yadda abin yake. Miji da mata da dukansu ba su da baftisma, suka yi aure na farko bisa al'ada, aurensu aure ne a idon Ekklesiya, in an yi musu baftisma su biyu ya zama sakramenti, ba sai an sake ɗaurawa ba. Amma idan ɗayansu Katolika ne mai baftisma, suka zauna ba tare da auren coci ba, sai an gyara wannan zama. Gyaran kuma yana bi ta hanyoyi masu cin lokaci: a kammala sadaki yadda dangin mace za su yarda, a je gidan magajin gari, inda a Kamaru ake rubuta a takardar aure ko mace ɗaya mutum ya zaɓa ko fiye, sannan a zo coci. Takardar gidan magajin gari na bukatar takardar haihuwa, wanda ba shi da ita sai ya bi ta kotu. Ka lissafa wannan, za ka ga dalilin da ya sa wata shida ba ya isa.

Mai mata biyu ko uku shi ne mafi wuya, kuma ban yarda da katikis da ke sassauta maganar don a ji daɗi ba, ko mai faɗarta da gatsali. Doka ta ce in ya karɓi baftisma da mace ɗaya zai zauna. Idan zama da uwargida ya yi masa wuya yana iya riƙe ɗaya daga cikin sauran, amma wajibi ne a duba ci da sha da matsugunin waɗanda aka rabu da su da 'ya'yansu bisa adalci. A aikace dattawa da yawa ba sa iya korar matar da ta haifa musu 'ya'ya biyar, kuma ba mu matsa musu. Sukan zauna a matsayin 'yan koyo shekara da shekaru, suna zuwa Misa, 'ya'yansu na karɓar baftisma. Ɗan koyo ba bare ba ne, in ya rasu ana yi masa jana'izar Kirista. Maganar matan gidan kuma Fada ke dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta uku: wa ya aiko ka? Ba a yi wa babba baftisma sai da son ransa. Akwai mai zuwa don yarinyar da yake nema ta ce sai Katolika, akwai mai tsammanin mishan za ta ba shi aiki ko hatsi. Ba mu kore su, dalili kan canja a hanya, amma muna faɗa musu sarai cewa aji ba ya ba da buhu. Yaron da ke ƙarƙashin iyaye sai uba ko uwa ya zo da kansa ya ce ya yarda. A gari irin namu da Kirista da Musulmi ke katanga ɗaya, wannan ƙa'ida ba abin wasa ba ce.

Watannin farko na sauraro ne kawai, ba alkawari. Wanda ya tsaya, sai a yi masa bikin shiga, mu muna yi a farkon Disamba. Ana tsayar da su a bakin ƙofar coci, daga waje. Fada ya tambayi suna, ya ce, "Me kake nema a wurin Ekklesiyar Allah?" Amsa: "Bangaskiya." "Me bangaskiya za ta ba ka?" "Rai madawwami." Sai a yi musu alamar gicciye a goshi, kunnuwa, idanu, leɓe, ƙirji da kafaɗu, a shigo da su, a miƙa musu littafin Bishara. A ranar ake rubuta sunayensu a littafin 'yan koyo. Daga nan duk Lahadi, bayan wa'azi, ana sallamarsu su fita da katikis. Mutane kan ɗauka kora ce, don haka sai an bayyana wa jama'a tun farko cewa teburin ne ba su kai ba tukuna, Maganar kuwa tasu ce.

Kalandar aji ba daga ofis take fitowa ba, daga gona take. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, rabin aji na ƙauye. Satumba da Oktoba dashen masakwa. Nuwamba zuwa Janairu tsinkar auduga, masu aikin ƙodago sukan ɓace mako uku a jere. Abin da ke hannunmu daga Oktoba zuwa Mayu bai wuce zama 30 ba a shekara, kowane awa ɗaya da rabi bayan Misar Lahadi. Kowa na da kati, ina sa hannu duk zuwa. Wanda ya rasa kashi ɗaya cikin uku, muna zama da shi mu ga ko ramuwa zai yi ranar Laraba da yamma ko ya maimaita shekara. Wanda zai koma Mubi ko ya tafi Marwa, ya karɓi wasiƙa mai hatimin parwas da ke faɗin matakin da ya kai. In ba haka ba can za a mai da shi farko, ya yi fushi ya daina. Aji kuma kada ya wuce mutum 20. Fiye da haka wa'azi kake yi, ba ka san wanda ya gane ba.

Shekarar farko labari muke bayarwa: halitta, Ibrahim, Musa da fitowa daga Masar, annabawa, sai Bisharar Markus daga farko zuwa ƙarshe, sura 16, don ita ce mafi gajarta kuma tana tafiya kamar labarin da ake bayarwa a dandali. Tare da haka alamar gicciye, Ubanmu, A gaishe ki Maryamu. Shekara ta biyu shaidar bangaskiya ta manzanni, jimla jimla, da dokoki 10. Ta uku sakramenti 7 da Misa. Yawancin matan ajin ba su yi boko ba, saboda haka ba na rubutu a allo sai kaɗan. In ba da labari, wani ya maimaita da bakinsa, wata ta mayar da shi Higi ko Mafa don tsohuwar da Hausarta ba ta nuna ba, sannan a yi waƙa. Haddar tambaya da amsa tana da amfani, amma ita kaɗai yaudara ce. Mutum zai kawo maka ma'anar sakramenti ba tuntuɓe, ka juya tambayar ka ce, "Maƙwabcinka ya ce me ya sa kuke zuba wa mutum ruwa, me za ka ce masa?" sai ya yi shiru. Wannan tambaya ta biyu ita ce jarrabawa ta gaskiya.

Wani kuskure da muka daɗe muna yi: mu koyar da komai da Hausa, a yi baftisma, mutum ya shiga Misa ta Faransanci ko ta Fulatanci ya tsaya kamar baƙo, bai san amsa ko ɗaya ba. Yanzu a shekara ta uku minti 15 na ƙarshen kowane zama na amsoshin Misa ne cikin harshen da ake yin ta.

A shekara ta biyu ne maganar laya, boka da yankan da ake yi wa kakanni ke tasowa, kuma ba a gama ta a zama ɗaya. Sai an raba tsakanin saiwa da ganye da ake sha don ciwo, wanda ba laifi, da abin da ake ɗaurawa a kugu ana dogara da shi. Mutumin dutse da aka ce ya bar tukunyar tsafin mahaifinsa ba ƙaramin abu aka roƙe shi ba, dangi za su ce shi ya jawo duk ciwon da ya shigo gidan. A nan nakan kawo Baba Simon, Fada Simon Mpeke, ɗan kudancin Kamaru da ya zauna a Tokombere daga 1959, yana hawa duwatsu ba takalmi, yana zama da masu tsafin dutse yana saurarensu kafin ya yi magana. Ya rasu a 1975, a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke kan hanyar shiga sahun tsarkaka. Wanda ya raina abin da mutum ya gada, layar ba za ta fita ba, ɓoye ta kawai za a yi. Haka maganar bilbil, wato burkutu: Ekklesiya maye ta hana, kuma matar da ke dafawa don kuɗin makarantar 'ya'ya shawara take bukata, ba tsawa ba.

Uban baftisma ko uwar baftisma a nemo su tun shekara ta biyu. Sharuɗɗan a bayyane suke: Katolika mai shekara 16 ko fiye, wanda ya karɓi ƙarfafawa da Tarayya, mai zaman da ya dace da bangaskiya, kuma ba mahaifi ko mahaifiyar mai karɓa ba. Ɗaya ya isa, in biyu ne to namiji da mace. Abin da ke ɓata wannan shi ne zaɓen mai kuɗi don ya sayi yadi da shinkafar biki. Sai a zo a tarar shi kansa bai yi auren coci ba, ko yana Yawunde ba zai zo ba sai ranar. Ina gaya musu su zaɓi wanda in ba su zo coci Lahadi biyu ba zai tako har gida. Ya kawo katin baftismarsa mu gani da ido.

Kafin azumin shekara ta uku muna zama da Fada, da iyayen baftisma, da shugabannin ƙananan zumuntar unguwa, a bi sunaye ɗaya ɗaya. Mutanen unguwa sun san abin da katikis bai sani ba: wa ke dukan matarsa, wa ke zuwa addu'ar unguwa, wa ya taimaka da aka yi rasuwa. Wanda za a jinkirta, a gaya masa a keɓe tun kafin Laraba ta Toka, ranar da azumi ke farawa, da dalili, da abin da zai gyara.

Lahadin farko na azumi ake kiran zaɓaɓɓu a rubuta sunayensu. Lahadi ta 3, ta 4 da ta 5 ana yi musu addu'o'in bincike da tsarkakewa, suna durƙushe, iyayen baftisma sun ɗora hannu a kafaɗarsu. Karatun kwanakin nan uku daga Yohanna ne: Basamariya a bakin rijiya a sura 4, wanda aka haifa makaho a sura 9, Li'azaru a sura 11. A tuna wa mai karatu da mawaƙa tun da wuri, don sukan buɗe karatun shekarar da ake ciki. Bayan binciken farko ana danƙa musu shaidar bangaskiya, bayan na uku addu'ar Ubanmu. Duk wannan yana faɗawa a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Kwana uku na keɓewa da muke yi a makon ƙarshe, darasi da sassafe ne da bayan la'asar, da randa biyu cike da ruwa a inuwa. Ranar Asabar ta jajibirin Ista da safe su maido da shaidar bangaskiya da ka, Fada ya taɓa kunnuwansu da bakinsu.

Kayan daren Ista na katikis ne ya duba: ruwa mai tsabta da kwarya ko moɗa, babban daro, tawul, farin zane da kyandir ga kowane mutum, ashana, fitila mai caji don wuta kan ɗauke, da jerin sunaye da manyan baƙaƙe. Man 'yan koyo da man krisma, mayukan da ake shafa musu, su zama sababbi, waɗanda bishop ya tsarkake a makon nan, a tabbatar an karɓo su, kuma kwalaben na da suna don kada a musanya. Ibadar ba ta farawa sai duhu ya yi. Mata su kwance kallabi, kitso ya bar goshi a buɗe, domin ruwan sai ya gudana a fatar kai. Sau uku ake zubawa, kuma mai zubawa shi ne mai faɗin kalmomin: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." "Ina" ne, ba "muna" ba. A 2020 Roma ta bayyana cewa baftismar da aka yi da "muna" ba ta yiwu ba. Katikis ya riƙe wannan da kyau, domin in ɗan koyo ya kwanta ciwon ajali a ƙauye ba Fada kusa, shi ne zai yi, muddin mutumin ya nuna yana so. Bisa ƙa'ida babba na karɓar ƙarfafawa da Tarayya a daren nan. A wasu wurare bishop kan ajiye ƙarfafawa sai ya zo ziyara, sai a tambaya tun kafin azumi. Ba a furta zunubi kafin baftisma, ruwan ya wanke duka.

Washegari, kafin a tafi cin shinkafa, rajista. Suna, iyaye, ranar haihuwa da wurin, iyayen baftisma, wanda ya yi, rana da wuri. Tarkon ajinmu rubutun suna ne. Mutum Yakubu ne a takardarsa ta Najeriya, sakataren parwas ya rubuta Yakoubou, ko Bitrus ya koma Pierre, Bulus ya koma Paul. Shekara 10 nan gaba ya zo neman takardar aure, sunaye ba su haɗu ba. A kwafe daga takardar da yake riƙe da ita harafi harafi, sabon sunan baftisma a ƙara shi a gefe. Ba dole ne ma ya canja suna ba, in nasa bai saɓa wa bangaskiya ba.

Kwana 50 daga Ista zuwa Fentikos aji na ci gaba, kuma a nan ne muka fi yin asara, don mutane sun ɗauka an ba su takardar gama makaranta. A makonnin nan suna zama a bencin gaba da fararen kayansu, muna bin abin da aka yi musu a daren ɗaya ɗaya, ruwa, mai, haske, gurasa. A nan muke koya musu furta zunubi a aikace, mu kai su su yi na farko, da azumin awa ɗaya kafin karɓar Tarayya, da kuɗin coci na shekara. Kowane sai ya shiga wani abu kafin Fentikos: mawaƙa, zumuntar mata, masu karatu, masu ziyarar marasa lafiya, ko addu'ar unguwarsu, kuma shugaban wurin ya zo ya karɓe shi hannu da hannu. Katin baftisma muna raba shi ranar Fentikos bayan Misa, a cikin leda saboda damina da gara, kuma ina sa kowa ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa uban baftismarsa kafin ya bar harabar coci.